Saiwar da ke Bayan Katanga

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mangwaron tsakar gida ba shi da lafiya. Na rubuta ne don kada gobe a ce tsufa ke sa ni gane-gane. Ganyen sama ya yi ja daga baki-baki kamar an gifta masa wuta, furen bana kuwa ya fito ya kakkaɓe tun bai ƙulla ba. Da safe na share tsakar gida tas, kafin in jingine tsintsiya wani ganyen ya sake zubowa.

Na yi aikin jinya a asibiti har na gaji na ajiye. Na san majinyacin da cuta ta kama, na kuma san wanda aka ba wani abu ya sha. Wannan bishiyar ban yarda cuta ce ta kama ta ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Abin da ya hana ni sukuni: rassan da suka haura katanga suka shiga gidan Maman 'Yan Biyu kore shar suke, sai ka ce tsakiyar damina. Na ɓangarena ne kaɗai ke bushewa. Bishiya ɗaya, gindi ɗaya, kuma gindin a gidana yake. To ta yaya?

Ni da ita yanzu sai gaisuwa, ita ma daga nesa. Tun da Autana ya gina min ɗakin nan shekara uku da suka wuce muka daina shiga gidan juna. Ana cikin aiki ta leƙo ta katanga tana koya wa birkila sana'arsa, ni kuma na ba ta amsar da ta dace da ita. Baƙin ciki ne, ba komai ba. 'Yan biyun nata, ƙarti biyu, ko bulo ɗaya ba su taɓa aza mata ba.

Kuma ta sha yin mita cewa ganyen yana toshe mata kwata. Ban manta ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Auta ya zo da matarsa. Na nuna masa bishiyar, ya ɗaga kai ya kalla kamar mai duba ko za a yi ruwa, wai, "Umma, tsufa ne. A sare ta kawai, in yi miki rumfar kwano mai kyau." Rumfar kwano! Na ce masa ranar da ni ma na tsufa sai ya sare ni ya kafa kwano. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Yaron nan ba shi da mugunta, wannan na sani. Shi ya daɓe min tsakar gidan nan kaf da siminti bayan santsin damina ya kayar da ni na bugu a gwiwa. Shi ya zagaye gindin mangwaron da dakali, har da tayil, don in riƙa zama ina shan iska. Duk zuwan da zai yi sai ya taka daɓen da ƙafa ya ce, "Ko tsaga bai yi ba, Umma." Yau ma ya faɗa.

Matar tasa ce ta ce ko gara ce. Ta faɗa tana kallon wurin kamar mai auna ko mota za ta shiga idan babu bishiyar. Wataƙila idona ne. Amma na gani.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kama ta.

Da sassafe ina zaune a dakali na ji ƙarar zuba ruwa a bayan katanga, daidai saitin bishiyar. Ba ƙarar wanke-wanke ba, zubawa ce a hankali, irin ta mai son ƙasa ta shanye. Na hau dakalin, da wannan gwiwar tawa, na leƙa. Maman 'Yan Biyu ce, ta sunkuya da bokiti tana bin gindin katanga. Ruwan baƙi ƙirin, ga wani wari da ya bugi hancina har sai da na toshe da gefen zane.

Ba ta gan ni ba. Na sauko, na zauna har shayina ya huce ban sha ba. Matar da ni na karɓi haihuwar 'ya'yanta da hannuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ma ta zuba. Jiya ma. Ina ji, ina shiru, ina tarawa.

Asabar, 1 ga Maris

Ƙanena ya biyo ta nan, wanda ke aikin gandun daji. Na ce to ga likitan itatuwa Allah ya kawo. Na ba shi labarin baƙin ruwan tun daga farko, amma sai na ga hankalinsa ba ya kan katanga sam. Sai zagaye tsakar gida yake yi yana buga daɓe da dunduniya. Ya tsaya a dakali ya zura hannu a ɗan ramin da aka bari a gindin, ya ce, "Yaya, nan ne kaɗai take shan ruwa?"

Daga nan ya buɗe min aji. Wai saiwar bishiya ba a gindi take ba, tana bazuwa ne har ta wuce inda rassa suka tsaya, kuma ƙananan da ke sha su yi numfashi a sama-sama suke, ba su kai zurfin gwiwa ba. Wai an haƙa harsashin ɗaki a gefe guda, an toshe sauran da siminti, an kuma cika dakali da ƙasa har ta rufe wuyan bishiyar. "Kamar ki toshe wa mutum hanci ne ki ce ya yi ta rayuwa."

Na ce masa ya dakata. Ginin nan ya shekara uku. Shekarar da ta biyo bayansa bishiyar nan ta yi 'ya'yan da ba ta taɓa yin irinsu ba, har maƙwabta sai da suka gaji da karɓa. Ya girgiza kai, wai ai wannan ita ce alamar, bishiya idan ta ji wuya sai ta zubar da duk ƙarfinta a 'ya'ya. Wai ba a ranar da aka ji mata ciwo take nunawa ba, sai ta cinye abin da ta tara tukuna.

Wato dai ɗana ne ya kashe min bishiya. Abin da yake son faɗa ke nan, ya rasa ta inda zai fito. Na ɗaure fuska na ce ya ci abinci ya kama hanya tun rana ba ta yi ba.

Da zai shigo na gan shi ta taga ya daɗe a ƙofar gidan Maman 'Yan Biyu suna gaisawa. Me ake faɗa a gaisuwa har haka?

Talata, 4 ga Maris

Na sayo maganin ƙwari na fesa, ko da gara ce. Na zuba bokitin ruwa a ramin gindin, ya tsaya cak ya ƙi shiga ƙasa har azahar. Ɓawon yana fitar da wani ƙaro mai duhu, na taɓa, yana danƙo. Na ɗebi ƙasar na sansana ko zan ji kalanzir ko baƙin mai. Ban ji ba, amma wanda ya iya mugunta ba ya barin wari a gidan mutane.

Laraba, 12 ga Maris

Yau dai an yi ta.

Da hantsi wani babban reshe ya ɓalle ya faɗo, ya tsinka igiyar shanya, saura kaɗan ya haɗa da ni. Busasshe ƙayau, cikinsa kamar gari. Na tsaya a kansa zuciyata tana tafasa, sai na ji mai kayan miya yana kira a layi. Na san duk matan layin suna wurin baronsa, na san tana cikinsu. Na yafa gyale na fita ko takalmi ban daidaita ba.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na dai ce na gan ta da idona, na ce ta faɗa wa mutane abin da take zubawa kullum da sassafe a gindin katangata. Na ce in ganye ne ya dame ta ai baki gare ta, ba sai ta bi bishiya da guba ba. Kalmar guba na faɗe ta, fiye da sau ɗaya ma. Matar mai shago tana jan hannuna tana "Haba Sista, haba Sista," na fizge.

Na zaci za ta yi rantsuwa ko ta yi kuka. Ko ɗaya. Ta mayar da tumatir ɗin da ke hannunta cikin baro a hankali, ta kalle ni ta ce, "Sista, ni kike faɗa wa haka?" Na ce ita fa. Ta gyaɗa kai. "To shi ke nan. Na daina."

Na daina! A gaban kowa. In ba ta yi ba, me za ta daina?

Alhamis, 13 ga Maris

Shiru a bayan katanga yau. Na sha shayina da zafinsa.

Juma'a, 21 ga Maris

Har yanzu ba ta sake zubawa ba. Kullum ina duba rassan ko zan ga toho. Majinyaci ma ba a ranar da aka tsayar da guba yake tashi ba, sai a hankali.

Matan layi suna gaishe ni a gajarce. Su suka sani.

Lahadi, 30 ga Maris

Babu toho. Kuma wani abu: rassan ɓangarenta, waɗanda suke kore shar, sun fara langaɓewa. Da rana ganyen ya kan rataye kamar kunnen akuya. Na ce gubar ce ta gama zagaye jiki, ta kai har can.

Haka na ce. Na maimaita wa kaina da la'asar ma.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙarar guduma a gidanta tun safe. Na hau dakali, don ganin lafiyar rassan kawai. Dogon cikin 'yan biyun ne da wani birkila, suna kafa turaku suna ɗaura igiya a jikin katangarmu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaki zai gina. Ashe dai za a aza bulon.

Na ji yana gaya wa birkilan, "Tun bara waccan nake bin Mama ta ƙi, wai ba a taɓa mata nan wurin. Sai kwanan nan ta ce in yi abin da na ga dama."

Ba ruwana. Gidansu ne, ƙasarsu ce. Amma me ya sa ta ƙi tun farko?

Talata, 8 ga Afrilu

Kamar abin bai isa ba, ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin daɓe kusa da dakali, famfon kicin kuma ya koma ɗigo. Abin da ya fara zuwa raina shi ne turakun jiya sun fasa min bututu. Na leƙa, tsakaninsu da nisa. Na kira mai gyaran famfo, ya ce sai gobe.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mai gyaran famfo ya zo da diga da guduma, ya ce dole a fasa daɓen, tsohon bututu ne ya ci ya huje. Na ce ya fasa kaɗan, don na san yadda Auta ke ji da shi. Ya fasa, ya bi ruwan, ya ƙara fasawa, har ramin ya kai tsakanin dakali da bangon ɗakina. Ni ina tsaye a kansa don kada ya yi min ɓarna, ko ya ƙara aikin da babu shi.

Shi bututunsa yake nema. Ni ce na ga sauran.

A jikin harsashin ɗakin akwai saiwoyi, manya, wata ta kai kaurin cinyata. Duk an datse su, sara ɗaya, ga shatin gatari har yanzu. Sun yi baƙi. Na sa ya ba ni shebur na taɓa ɗaya, ta lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi, wari ya taso. Na san warin nan. Ƙafar mai ciwon suga ce idan an makara ba a kawo shi ba. A asibiti idan na ga haka ba na tambayar wa ya zuba guba, na kan tambaya ne yaushe jini ya daina zuwa.

Inda ruwan bututun bai kai ba, ƙasar ƙarƙashin daɓen a bushe take, a danƙare, diga ma tsalle take yi a kanta. Shekara uku damina tana sauka a tsakar gidan nan tana bin magudana ta fice waje, ni kuma ina murna babu taɓo.

Sai kuma a gindin bishiyar, ƙarƙashin ƙasar dakali, ya ci karo da wani faifan siminti, fari, mai kauri, wanda ba na daɓe ba. Ya ce, "Hajiya, nan leburori suka riƙa wanke kwanon kwaɓa da shebur, ga shi ya daskare." Ya faɗa ne kawai yana share gumi. Da ana ginin, kullum da yamma su kan kai kayansu bakin kwata su wanke, sai wata mai tattali, wato ni, ta ce musu a'a, su wanke a gindin mangwaro don kada ruwan ya tafi a banza, bishiya ta sha.

Can wajen katanga ya tsaya ya kira ni. Wata saiwa ce guda ɗaya, ba ta kai sauran kauri ba, ta bi ta ƙarƙashin katangar ta shige gidan Maman 'Yan Biyu. Bakin shebur ya ɗan kankare ta, cikinta fari sol, da danshi. "Ta tsare min hanyar sabon bututu. In sare?" Ihun da na yi sai da ya saki digar. Na ce ya zagaye da bututunsa ko da zai bi ta ɗakin kwanana.

Ya tafi ya bar ramin a buɗe. Na zauna a bakinsa har aka kira magariba. Abin da ta faɗa ranar da ta leƙo, da na ce tana koya wa birkila aiki, yau ya dawo min daidai yadda ta faɗe shi: "Sista, ki hana su sarar saiwar nan, ba za ta yafe ba." Ni kuma na ce mata ta jira nata 'ya'yan su yi mata gini sai ta ba da umarni.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kira ƙanena a waya. Na ce wata ƙawata ce ke tambaya, idan bishiya saura saiwa ɗaya gare ta, aka zo aka haƙa harsashi a kanta, me zai faru. Ya ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta fara neman mai sayen itace."

Na tambaye shi baƙin ruwa mai wari da ake zuba wa ƙasa. Ya ce, "Taki ne, Yaya. Kashin kaji ake jiƙawa a duro. Ai na so in gaya miki ran nan kika kore ni da abinci a baki." Ashe abin da suka daɗe suna faɗa a ƙofa ke nan. Maman 'Yan Biyu ce ta tare shi tana tambayar ko tana zubawa daidai.

Ya ce a rushe dakalin, a kwashe ƙasar da ta rufe wuyan, a fasa daɓen iya faɗin rassa, a rufe wurin da busasshen ganye. Na ce za ta tashi? Ya ce bai sani ba. Rabi ya riga ya tafi, sauran kuma sai an ga damina biyu ko uku kafin a ce wani abu. Bai ce "na gaya miki" ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Auta ya zo da buhun siminti a bayan mota zai toshe ramin. Na ce ya bar shi, ƙari ma za a yi, har dakalin. Ya tsaya da makullin mota a hannu yana kallona. "Umma, don ƙafarki fa na yi."

Na ce na sani. Na kai shi bakin ramin na nuna masa. Ya tsuguna ya daɗe, ya taɓa shatin gatarin da yatsa. Wannan bishiyar a kanta ya karya hannu yana yaro, a kanta ya sha bulala ba adadi. Ya ce, "Ni na ce su sare, birkila ya ce suna hana layi miƙewa." Idonsa ya kawo ruwa, ƙato da shi, mai 'ya'ya. Na ce ya tashi, ba shi kaɗai ba ne, kuma ɗakin nan ina jin daɗinsa, ba zan fasa kwana a ciki ba. Ya mayar da simintin mota. Ya ce zai bar min siririyar hanya daga ƙofar ɗaki zuwa kicin saboda damina.

Muna tsaye tifa ta juye yashi a ƙofar gidanta. Direban ya ce ranar Asabar za a fara haƙa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je.

Na yi sallama sau biyu kafin ta amsa. Rabona da tsakar gidan nan tun kafin ginin. Ƙasa ce har yanzu, ba daɓe. A gindin katanga ta tara busasshen ganye ya yi tudu, wanda na sha cewa a raina ƙazanta ce ta hana ta sharewa. Ga duron a gefe, ya bushe, takin ya ƙame a ciki. Igiyar birkila ta bi ta kan wurin daidai.

Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ba ta ce in zauna ba. Na ce na zo ne kan maganar igiyar nan, akwai saiwa a ƙarƙashinta. Ta ce, "Na sani. Ai nan nake zuba gubar. Gara a haƙe wurin kowa ya huta."

Ta kayar da ni. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ko a gaban manyan likitoci. Na ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?" Sai a lokacin ta ɗago. "Na gaya miki sau ɗaya, Sista. Kin tuna amsar da na samu."

Na juya zan fita ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ke kin ɗauka taki ce ke kaɗai. Wa ya kawo miki ita a gwangwanin madara ranar da kika dawo gida da Auta a zane?"

Ban manta ba. Ban dai taɓa rubutawa a nan ba ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Mai kayan miya ya zo. Matan layi duk suna wurin, ita ma, a can ƙarshen baro. Na sayi albasar da ba na bukata. Sai na tambaye shi ko ya san inda ake samun kashin kaji, irin wanda Maman 'Yan Biyu ta shekara uku tana jiƙawa tana ba mangwarona, wanda ni da jahilcina na kira guba a nan wurin, alhali simintina ne ya kashe shi, kuma da ba don ita ba da tuni an yi itacen girki da shi.

Na ɗaga murya ne saboda kunnen mutumin ba shi da kyau. Ya ce shi tumatir yake sayarwa, bai san harkar kaji ba. Matar mai shago ta tuntsire da dariya ta rufe baki. Maman 'Yan Biyu ta biya ta shige gida, ko kallona ba ta yi ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Diga ta fara tun da safe. Kowane sara a ƙirjina nake jin sa. Na shiga ɗaki na rufe taga, na kunna rediyo, na kashe. Na ce ba zan leƙa ba.

Da hantsi na leƙa. Dakalin rabi ya rushe, sai da na ɗora kujera.

Babu igiya a jikin katanga. Sai ramukan turaku kawai. Suna haƙa ne can wajen ƙofar gida, Dogo yana tsaye ya sha kunu yana cewa ɗakin zai yi ƙanƙanta, rana kuma za ta riƙa dukan sa. Tana zaune a kan tabarma ta ba ni baya. Na ji ta ce masa, "Sai ka sa labule."

Na sauko a hankali. Gwiwar ta yi min ciwo har yamma, ban damu ba.

Litinin, 5 ga Mayu

An fasa daɓen, tsakar gidana ya koma kamar gonar da aka yi wa kaftu. An sare matattun rassan, bishiyar ta zama rabi, duk ta karkata can. Ɓangarena babu inuwa ko ta tsayuwar kaza. Toho har yau ban gani ba, ƙanena ya ce in daina dubawa kullum.

Duron nata na cika shi, don na ga bayanta ba ya son ɗaukar nauyi, ba wani abu ba. Tun da saiwar a can take dole can zan riƙa kai bokitin da safe. Ba wai mun shirya ba ne. Jiya ma sai da ta gyara min, wai ba a jikin katanga ake zubawa ba, can inda rassa suka ƙare. Na bar ta ta faɗa.

Har yanzu ina zargin ita ta turo ƙanena ran nan. Ban tambaya ba.

Yau da na gama zubawa na tarar ta ajiye kujera ta biyu a ƙarƙashin rassan da ba su bushe ba, da kofin shayi a kai. Ba ta ce nawa ba ne. Na zauna ne kawai saboda gwiwa.